Daga bakin ƙofa zuwa gida: kundin bibiyar lafiyar waɗanda aka sallama daga gidan gyaran hali

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Da sunan Allah muka fara yau. Mu uku ne. Ni da abokin aikina ma'aikatan lafiya ne na matakin farko a wani asibitin sha-ka-tafi a nan Kano. Na ukunmu zan riƙa kiransa Mai Shayi, don teburinsa ne ofishinmu na waje. Bai yi karatun lafiya ba, amma shekara huɗu ya yi a tsare yana jiran shari'a kafin kotu ta sallame shi, kuma shi ya kawo mana maganar. Duk wanda zan ambata a nan da sana'arsa zan kira shi.

Aikin shi ne duk wanda aka sallama yana kan magani ko yana da ciwo, mu bi shi har gida na wata uku, mu damƙa shi ga asibitin da ya fi kusa da shi. A ciki, duk da cunkoso da gabza, akwai mai kiran suna da safe ya miƙa wa mutum ƙwayarsa. Ranar da aka buɗe masa ƙofa wannan kiran ya ƙare, ya fito da kayan jikinsa kawai.

Kuɗin da muka tara ₦180,000 ne: ₦100,000 daga wani bawan Allah a Kantin Kwari, ₦50,000 daga kwamitin lafiya na mazaɓarmu, sauran mu biyu muka haɗa. Na'urar awon jini ₦28,000, sikeli ₦12,000, rajista da buga kati 100 ₦9,500, ƙaramar waya da layi ₦15,000. Saura ₦115,500. Mai Shayi zai riƙa karɓar ₦20,000 a wata, don duk ranar da ya bi mu sai ya bar wa yaronsa tebur.

Alhamis, 16 ga Janairu

Mun zauna da jami'in walwala da ma'aikacin ɗakin shan magani na gidan. Sun karɓe mu hannu bibbiyu. Jami'in ya buɗe mana ido a kan abu ɗaya: wanda aka yanke wa hukunci an san ranar fitarsa, ana iya shirya masa takarda. Masu jiran shari'a kuwa, waɗanda a faɗin Najeriya sun kai kusan kashi biyu cikin uku na duk waɗanda ke tsare, da safe ake saka su a mota zuwa kotu, alƙali ya ba da beli ko ya kori ƙara, daga can kowa ya kama gabansa. Maganinsa da katinsa suna nan a kan kanta.

Tun 2019 doka ta sauya sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali, kuma ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 da aka laƙaba wa sunan Nelson Mandela, a ƙa'ida ta 24, sun ce kada a bari magani ya yanke, har suka ambaci tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki da shaye-shaye. Abin da ya rage shi ne wanda zai ɗauki wannan magana daga takarda ya kai ta Kurna ko Ɗorayi.

Mun tsayar da cewa duk mai shan magani za a ba shi katinmu ya ajiye a aljihu tun yana ciki: sunan maganin, ranar da ya fara, da lambar wayarmu.

Litinin, 20 ga Janairu

Sunaye uku na farko sun zo. Biyu mun same su a waya. Na ukun, Tela, babu lamba.

Litinin, 27 ga Janairu

Kwana bakwai muna neman Tela. Ya fara maganin tarin fuka a ciki tun 9 ga Disamba, aka ba shi beli ranar 15 ga Janairu, kwana ɗaya kafin a fara raba katinmu. Adireshinsa a takarda: Kurna, bayan masallaci. Wanda ya san Kurna ya san abin da wannan ke nufi. Sau biyu ni da abokin aikina muka je muna tambaya, mutane na ganin farar riga da jaka sai kowa ya ce bai san shi ba. Ashe ɗauka suka yi daga kotu aka turo mu.

Yau Mai Shayi ya ce mu tsaya a bakin titi. Ya shiga wata majalisa, ya zauna, ya faɗi ɗakin da ya zauna a ciki da shekarun da ya yi. Ko minti ashirin ba a yi ba wani yaro ya ja shi har ƙofar gida.

Mun tarar da Tela a wani ɗan ɗaki da ke zaure, taga a toshe da kwali saboda hunturu. An ware masa kwano da kofi, an ɗaura wa kofin jan zare a hannu. Mahaifiyarsa ta fito da mayafi a kafaɗa, ta ce, "'Yata, ai ya warke. Tarin ya lafa, fitsarin ma ya daina ja." Na ce, "Inna, jan fitsarin nan aikin maganin ne, ba ciwo ba. Da ya daina ja, maganin ne ya bar jikinsa." Ɗaya daga cikin ƙwayoyin, rifamfisin, ita ke rina fitsari. Maganin wata shida ne, wata biyun farko magani huɗu a haɗe, wata huɗun baya guda biyu. Tari kan lafa tun a makonnin farko, kuma a nan mutane ke yaudaruwa. Mai sha yana bari yana iya wayar gari da tarin da ba ya jin maganin, wanda jinyarsa ta fi tsawo da wahala.

Na cire kwalin tagar da hannuna. Na gaya wa Inna ba a kwano ake ɗauka ba, a iska ne, don haka buɗe taga ya fi ware kofi amfani. Nauyinsa kilo 49. Kwana 13 zai zama ya rasa in ya koma gobe, bai kai wata biyun da ake lissafa mutum a matsayin wanda ya ɓace wa jinya ba.

Talata, 28 ga Janairu

Mun kai Tela cibiyar tarin fuka mafi kusa, ya ci gaba daga inda ya tsaya, za a ƙara masa kwanakin da ya rasa a ƙarshe. Kyauta ne. Mutum shida na gidan an tantance su, biyu masu tari sun ba da kaki. Ɗan wansa mai shekara uku za a ɗora shi kan maganin kariya. Mun saya masa gero da wake da ƙuli na ₦8,000, don ya ce ƙwayar na sa shi jin yunwa kamar zai faɗi.

Juma'a, 31 ga Janairu

Direba, ɗaya daga cikin waɗanda muke bibiya, ya kira da daddare, muryarsa na rawa. Ya ji a rediyo cewa shugaban Amurka ya dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90 tun ranar 20 ga wata, a tasha kuma ana ta cewa maganin cuta mai karya garkuwar jiki zai ƙare. Shi kuma sai ya fara shan ƙwayarsa yau ya tsallake gobe don ta daɗe. Na roƙe shi ya daina. Ƙwaya ɗaya ce kullum, tsallakewa ke ba cutar dama. Da safe abokin aikina ya raka shi, aka ba shi na wata guda.

Har yau bai gaya wa matarsa ba. A cikin akwatin gaban mota yake ɓoye robar. Ban matsa masa ba, na dai ce ranar da ya shirya zan zauna tare da su.

Kashe-kashen wata: Mai Shayi ₦20,000, adaidaita da mai ₦17,300, abincin Tela ₦8,000. Saura ₦70,200.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Mutum huɗu sabbi. Kati ya fara aiki, biyu da kansu suka kira. Gwajin kakin gidan su Tela bai nuna komai ba, alhamdu lillahi.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga gidan gaisuwa nake.

Ɗan Gwangwan shekararsa 23. Wata takwas ya yi a ciki saboda tarar da ya kasa biya, ya fito ranar 4 ga wata. A katinsa ƙazuwa kawai aka rubuta, sai na saka shi a ƙasan layi, na ba shi ranar 13. Mai Shayi ya ce mini, "Malama, yaron nan na san shi, kafin a kama shi yana shan ƙwaya, a fara da shi." Na ce a bari mu gama da masu tari da hawan jini. Ni na yanke wannan shawarar.

Daren Litinin abokansa suka haɗa masa murnar dawowa a wani kango. Yadda ƙaninsa ya ba mu labari, ya sha taramol daidai yadda ya saba sha a da, ya ɗora wata ƙwayar barci a kai. Jikin da ya yi wata takwas bai gani ba ba zai ɗauki abin da yake ɗauka a da ba. Ya yi jijjiga, ya kwanta yana minshari, suka ɗauka barci ne. Da suka ga bai motsa ba suka ɗura masa madara. Sai da asuba aka samo adaidaita, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Mahaifinsa dattijo ne mai sayar da itace. Yana zaune a kan tabarma, ya riƙe hannun Mai Shayi ya ƙi saki, yana cewa, "Wata takwas ina kai masa abinci duk Juma'a. Kwana shida na yi da shi." Takalman yaron sababbi, waɗanda uwarsa ta saya masa ranar da ya fito, suna nan a bakin ƙofar ɗaki.

Kwana ya ƙare, na sani. Amma da na je a kwana na biyu, da na gaya masa wannan magana ɗaya, da na gaya wa ƙaninsa cewa minsharin wanda ya sha ƙwaya ba barci ba ne. Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Mun zauna mu uku bayan an tashi aiki, muka rushe tsarin.

Abokin aikina ya kawo wani bincike da aka wallafa a 2007 kan waɗanda aka sallama a jihar Washington ta Amurka: a makonni biyun farko, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'a fiye da sau 12, kuma shan ƙwaya fiye da kima ne kan gaba. Ƙasarsu daban, ƙwayarsu daban, amma dalilin ɗaya ne da abin da muka gani. Ya kuma ce a birnin San Faransisko tun 2006 aka buɗe asibiti don waɗanda suka fito, inda ake ɗaukar waɗanda su ma suka taɓa zama a kurkuku a matsayin ma'aikatan lafiya na unguwa. Na kalli Mai Shayi, ya sunkuyar da kai.

Daga yau, kowa za a gan shi cikin kwana uku da fitowa, ko mene ne a katinsa. Mai Shayi ne zai tsara wanda za a fara gani. Shi ne kuma zai yi maganar ƙwaya, ba a gaban iyaye ba, don ni in na tambaya "kana sha?" amsar kullum a'a ce. Za mu koya wa wani a kowane gida: in mutum ya sha ƙwaya ya ƙi farkawa, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, a nufi asibiti nan take. Wanda ya yarda yana son bari za mu raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Kakin Tela na ƙarshen wata biyu ya fito babu ƙwayar cutar. Ya koma kan magani biyu. Kilo 52. Kofinsa ya koma cikin sauran kofuna.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Baba Manomi ya fito ranar Asabar bayan shekara tara, yana zaune wurin 'yarsa a Rijiyar Lemo. Awon farko 184 bisa 110. Na bari ya huta, na sake, 178 bisa 108. Ba ya jin komai sai nauyin ƙeya. Muka kai shi ga likita ranar, aka ɗora shi kan amlodifin.

Maganin hawan jini ba kyauta ba ne kamar na tarin fuka, kuma na har abada ne. Mun so mu yi masa rajistar tallafin lafiya na marasa ƙarfi, aka nemi lambar katin ɗan ƙasa, ba shi da ita. Mun saya masa na wata biyu. Abin da ya fi damuna ba jinin ba ne. 'Yarsa ta ce ba ya fita ko ƙofar gida, in zai zagaya sai ya tsaya yana jiran a ba shi izini, da dare kuma a zaune yake kwana. Na tambaye shi, ya ce, "'Yata, shirun ne ya yi mini yawa." Na roƙi limamin layin ya riƙa aiko a tafi da shi sallar magariba.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Mutum 14 a rajista. Ɗaya ya rasu, biyu sun koma ƙauye mun miƙa su ga ma'aikatan lafiyar can ta waya, ɗaya ba mu same shi ba. Mai Shayi ₦20,000, zirga-zirga ₦21,000, magani ₦6,500, katin waya ₦3,000. Saura ₦19,700, ko albashin Mai Shayi na Maris bai kai ba.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama ranar Asabar. Tela ya rantse sai ya yi, ya ce na bara a tsare ya same shi, ba zai sha na bana ba. Ban yi gardama da shi a kan addini ba, na kai shi wurin malamin unguwarsu, wanda ya karanta masa ayar da ta sauƙaƙa wa mara lafiya ya rama daga baya. Duk da haka ya ce zai gwada. Likita ya amince ya riƙa shan ƙwayar da ya tashi, ya jira kamar awa guda sannan ya ci sahur, tunda an fi so a sha ta ciki babu komai. Inna ta ɗauki nauyin tashinsa. Direba dama da dare yake shan tasa. Baba Manomi bayan buɗa-baki.

Bayan tafsiri abokin aikina ya yi bayanin aikin a masallacinsu, aka tara ₦120,000. Kuɗinmu ya koma ₦139,700.

Laraba, 12 ga Maris

Mace ta farko a rajistarmu, Mai Ƙosai, da goyon wata biyar. Kafin ta fito takardar saki ta riga ta isa gidan iyayenta. Jaririyar rigakafin ranar haihuwa kawai aka yi mata, yau muka fara cike gibin. Uwar jininta ya yi ƙasa, idonta fari fat, na ba ta maganin ƙarin jini. Nan Mai Shayi ba shi da shiga, ni ma sai da na yi zuwa biyu kafin ta ɗago ta dube ni. Muna buƙatar mace wadda ta san zaman gidan gyaran hali.

Litinin, 24 ga Maris

Ranar tarin fuka ta duniya. Mun yi bayani a asibiti. Tela ya zo ya zauna a baya, da aka tashi ya ja wani mai tari gefe suna magana.

Alhamis, 27 ga Maris

Wani attajiri ya biya wa mutum tara tarar da ke kansu albarkacin goman ƙarshe. Ƙarfe goma sha ɗaya jami'in walwala ya kira, ƙarfe biyu aka sake su. Aikin lada ne babba. A Nuwamban 2023 ma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da sakin mutum 4,068 ta hanyar biya musu tara. Roƙona ga masu wannan alheri shi ne a ba ɗakin shan magani ko kwana biyu kafin ranar, a kuma ware wani abu na mota da abincin mako.

Muka kafa benci a gefen titi cikin zafin nan, kowa da azumi. Bakwai cikin tara suna da ƙazuwa, tsakanin yatsu duk ya ɗuri ruwa. Na ba su maganin shafawa daga wuya zuwa ƙafa, na ce a wanke kaya da ruwan zafi a shanya a rana, in ba haka ba gida gaba ɗaya zai kama susa kafin sallah. Biyu suna tari fiye da mako biyu, muka karɓi kakinsu a wurin. Ɗaya mai farfaɗiya ne, an manta ba a haɗo shi da maganinsa ba, Mai Shayi ya koma ciki ya karɓo. Uku 'yan ƙauye ne ko sisi babu, muka biya musu mota. Kafin kowa ya tafi Mai Shayi ya ja matasan gefe ɗaya bayan ɗaya. Ban ji abin da yake faɗa ba, na dai ga yana nuna musu yadda ake juya mutum ta gefe.

A gida na yi buɗa-baki da ruwa kawai na kwanta.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi. Duk da hidima, mun ga shida na cikin gari kafin kwana uku su cika, na ƙauye ukun mun ji muryarsu. Duk suna raye. Gwajin kaki na na'urar GeneXpert ya nuna tarin fuka a jikin ɗaya daga cikin masu tarin, irin mai jin magani, ya fara sha jiya. Mun sanar da ɗakin shan magani na gidan don a duba waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi.

Direba ya kira ranar hawan Nasarawa. Ya gaya wa matarsa da kansa. Ta yi kuka, ta tafi gidansu kwana biyu, ta dawo ta ce a kai ta gwaji. Litinin zan raka su.

Kashe-kashen Maris: Mai Shayi ₦20,000, zirga-zirga ₦34,000, maganin ƙazuwa da sauransu ₦14,000, abinci ₦22,000, motar 'yan ƙauye ₦18,000. Saura ₦31,700.

Litinin, 14 ga Afrilu

Wata uku cif. Mutum 26 a rajista.

Gwajin matar Direba bai nuna komai ba, za a sake bayan wata uku. Jinin Baba Manomi 146 bisa 92, yana zuwa magariba da isha'i da ƙafarsa, ranar Alhamis za mu kai shi rajistar katin ɗan ƙasa. Matasa biyu sun amince da zuwa Dawanau, ɗaya ya je, ɗaya ya ɗaga sau biyu, Mai Shayi bai bar shi ba. Wanda muka rasa tun Fabrairu har yau shiru.

Wa'adin wata uku da muka ɗiba bai dace da mai tarin fuka ba. Tela sai cikin Yuni zai gama, don haka muna tare da shi har kakin ƙarshe. Ya samu aron keken ɗinki a wurin wansa, ya ce shi zai ɗinka mana jakar kati.

Abin da ke gabanmu kafin damina: mu rubuta wa kwamitin mazaɓa a mayar da kuɗin Mai Shayi na dindindin, mu nemi izinin ajiye katinmu a wurin magatakardan kotuna biyu da aka fi ba da beli, mu kuma samo mace. Mai Ƙosai ta ce a ba ta zuwa bayan babbar sallah ta yi shawara da mahaifiyarta.

Gobe ƙarfe takwas akwai sallamar mutum biyu. Batirin na'urar awon jini ya yi sanyi, sai na saya a hanya.